Marigayi Bala Miller: Mutumin da ya sa jita ta yi Hausa a Kaduna

Duk wanda ya saba kallon gidan talabijin na NTA a tsakiyar shekarun 1980 zai iya tuna shirin Bala Miller Show, inda wani dattijo ke jagorantar babbar ƙungiyar makaɗa masu bushe-bushe da ganguna da jita mai amfani da lantarki, amma kuma waƙoƙin da Hausa ake rera su.

A lokacin dai wannan ba abu ne da aka saba gani ba, domin kiɗan Highlife ana ɗaukarsa na mutanen bakin teku ne, wato Accra da Legas da Fatakwal.

An haifi Bala Miller a shekarar 1928 a garin Pankshin da ke jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa malamin cocin Anglican ne daga Zariya, kuma yanayin aikinsa ya sa iyalinsa suka yi ta ƙaura daga gari zuwa gari.

A Lokoja ne Bala ya fara cin karo da kayan badujala irin waɗanda sojojin mulkin mallaka ke amfani da su, kuma tun yana yaro ya shiga ƙungiyar makaɗan makarantarsu. Daga nan ya wuce makarantar CMS Grammar School da ke Legas, inda ya ci gaba da busa.

Legas da zuwan jitar lantarki

Bayan kammala karatu ya kama aiki da kamfanin Lever Brothers. Da rana yana ofis, da dare kuma yana busa ƙaho ko kaɗa jita a ƙungiyar Samuel Akpabot, wanda daga baya ya tafi Landan karatun kiɗa a 1954. Bala ya kuma yi hulɗa da Bobby Benson da Victor Olaiya, waɗanda su ne jiga-jigan Highlife a Legas ta wancan zamani.

Jita ta daɗe a bakin tekun Afirka ta Yamma kafin wannan lokaci. Ma'aikatan jiragen ruwa, musamman 'yan ƙabilar Kru na Laberiya, su ne suka yaɗa salon kaɗa ta a tashoshin jiragen ruwa. Sai dai muryarta ba ta da ƙarfi, kuma da zarar masu ƙaho sun fara busa sai ta ɓace.

A Amurka ma an yi fama da wannan matsala. A 1936 kamfanin Gibson ya fito da samfurin ES-150, jita mai kogo a cikinta kamar ta da, amma an liƙa mata maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyi domin ɗaukar motsinsu zuwa lasifika. Farashinta tare da na'urar ƙara sauti ya kai kimanin dala 150, daga nan ma ta samo sunanta. Da ita Charlie Christian ya nuna cewa mai jita zai iya fitowa gaba ya ja waƙa kamar mai busa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga hikimar kogo. Molo da garaya da gurmi duk jikinsu rarake yake, kuma kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwani ne aka rufe da fata. Kogon ne ke ba sauti kauri da taushi. Illarsa ita ce idan aka ƙure lasifika sai katakon ya riƙa amsa sautin yana mayarwa, har jitar ta ɓarke da kuwwa. Wannan ne ya sa kamfanin Fender ya fito da jitar katako zalla marar kogo a 1950, Gibson ya biyo baya da samfurin Les Paul a 1952, sannan a 1958 ya haɗa biyun a samfurin ES-335, mai kogo a gefe da dunƙulallen katako a tsakiya.

Ga makaɗin Najeriya kuwa, tambaya ta farko ita ce ta kuɗi. Kayan Amurka sun fi ƙarfin aljihun mafi yawansu, don haka aka fi komawa ga masu rangwame daga Turai, daga baya kuma daga Japan. Ko waɗannan ma sau da yawa ba na makaɗin ba ne. Mai otal ko shugaban ƙungiya ne ke sayensu, kuma ranar da yaro ya ɓata da maigida, ranar zai ajiye jita ya fita hannu rabbana.

Komawa Arewa

Bala Miller ya shafe shekaru masu yawa yana aikin albashi, kiɗa kuma na gefe. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tarwatsa ƙungiyoyin Highlife da dama a Legas, saboda makaɗa da yawa sun koma gabashin ƙasar, kiɗan juju kuma ya maye gurbin.

A farkon shekarun 1970, zamanin gwamna Audu Bako, ya taka rawa wajen kafa makarantar koyar da kiɗa a Kano. Wannan mataki ya fi yadda ake zato nauyi. A al'adar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma makaɗi maroƙi ne mai ubangida, ko sarki ko attajiri ko masu wata sana'a. Iyaye da yawa ba sa son ɗansu ya bi wannan hanya, wasu saboda addini, wasu saboda matsayin maroƙi a cikin jama'a. Abin da Bala ya yi ta ƙoƙarin nunawa shi ne ana iya koyon kiɗa a aji, a karanta shi a takarda, a kuma biya mai yinsa albashi kamar kowane ma'aikaci.

A 1977 Najeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. Yawancin shagulgulan a Legas aka yi, amma babban hawan daba a Kaduna aka gudanar da shi, kuma domin baƙin bikin ne aka gina otal ɗin Durbar. Bala na cikin waɗanda suka yi aiki a ɓangaren kiɗa na bikin.

A cikin wannan shekara ce ya kafa ƙungiyarsa mai suna The Great Music Pirameeds of Afrika, sunan da ke tuna wa mutanen Arewa dalar gyaɗa ta Kano. Ƙungiyar ta yi zamanta a Kaduna, inda aka fi saninta da wasa a Costain Club.

Kaduna ta dace da irin wannan aiki. A 1917 ta zama hedikwatar mulkin Arewa, kuma a ɓangaren da ke arewa da kogi ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja da ma'aikatan gidan rediyo suka taru daga kowace kusurwa ta ƙasar, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa su.

Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Ikon Allah. Ba waƙar yabon wani mai mulki ko mai kuɗi ba ce, kuma mai yiwuwa wannan na cikin dalilan da suka sa Musulmi da Kirista suka karɓe ta hannu biyu-biyu. Bai ƙwace wa irin su Alhaji Mamman Shata masu sauraro ba, domin kalangu ya ci gaba da mulkinsa a gidajen biki da rediyo. Masu sauraronsa 'yan boko ne da mazauna birni.

Tsadar kayan kiɗa

Riƙe ƙungiya mai makaɗa da yawa abu ne mai cin kuɗi, kuma kusan komai nata daga waje ake shigo da shi, tun daga jita da lasifika har zuwa tsirkiyar da ke tsinkewa a tsakiyar wasa.

Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi ƙwarai, farashin kayan waje ya yi tashin gwauron zabo, manyan ƙungiyoyin makaɗa a faɗin ƙasar suka shiga rushewa.

Da masana'antar finafinan Hausa ta bunƙasa a Kano a shekarun 1990, matasan mawaƙa ba su nemi jita ba. Sun rungumi fiyanon Yamaha ne, wanda mutum ɗaya zai zauna da shi a ɗaki ya fitar da sautin ganga da sarewa da na jitar kanta.

Bala Miller ya rasu a shekarar 2003, yana da kimanin shekara 75 a duniya.