Muhammadu Al-Katsinawi, Malamin Lissafi Daga Ƙasar Hausa



Da yawa daga cikinmu, da zarar malamin lissafi ya shigo aji sai gabanmu ya faɗi. Mun sha jin wasu suna cewa lissafi na Turawa ne, kanmu ba zai ɗauka ba. Akwai ma waɗanda suke miƙa takardar jarrabawa babu ko ɗigo. Saboda haka a wannan mako muka kawo muku tarihin wani Bakatsine da ya rubuta littafin lissafi kusan shekara 300 da suka wuce.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani ne mutumin ƙasar Katsina. Larabawa suna kiransa Al-Kashnawi, wato Bakatsine. Ya fara karatu a gida, sannan ya ci gaba a hannun manyan malamai, cikinsu har da Muhammadu Alwali na Bagarmi, ƙasar da take cikin Chadi a yau. Ya ƙware a nahawu da ilimin taurari da lissafi.

Wajen shekarar 1730 ya je aikin Hajji. A lokacin ba mota ba jirgin sama, sai ƙafa da raƙumi. Daga baya ya zauna a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, a gidan wani babban malami mai suna Hasan Al-Jabarti. A gidan ya rasu a 1741, shekara 13 kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan maigidan, Abdurrahman Al-Jabarti, ya zama shahararren marubucin tarihin Masar, ya kuma sa labarin wannan baƙo a littafinsa.

A 1732 Al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a kan jadawalin lambobi, irin wanda muke kira hatimi. Ana jera lambobi a cikin gidaje, yadda kowane layi aka tara zai ba da jimla ɗaya. Ga ƙaramin misali mai gida uku-uku:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Ku tara daga hagu zuwa dama, ko daga sama zuwa ƙasa, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ku samu. Dalili shi ne daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45 ce, in an raba wa layi uku kowanne ya samu 15. Malamin ya bayyana ƙa'idojin cika jadawalin da yawan layukansa mara ne, kamar uku ko biyar ko bakwai, ba tare da cinke ba. Ya kuma ja kunnen masu koyo a kan saurin karaya. A 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta yi bayanin aikinsa a littafinta Africa Counts.

Mu 'yan Illela ai lissafi ba baƙonmu ba ne. Muna ganin 'yan canji suna juya sefa zuwa naira da ka, kafin mai zuwa Ƙonni ya gama gyara hularsa. Dillalan kara ma haka suke ranar kasuwa. To me zai sa mu ji tsoronsa a kan allo?

Ga aikin gida. Ku zana jadawali mai gida biyar-biyar, ku jera 1 zuwa 25, kowane layi ya ba da 65. Mun taimaka muku da abu ɗaya: ku sa 13 a tsakiya. Mu ma sai da muka cinye rabin abin gogewa kafin muka dace. Duk wanda ya samu ya kawo mana kafin Juma'a, za mu liƙa sunansa da ajinsa a nan.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Al-Katsinawi, amin.