Kwintiliyan: Malamin Lauyoyin Rumawa

An haifi Markus Fabiyus Kwintiliyanus, wanda aka fi sani da Kwintiliyan, wajen shekara ta 35 Miladiyya a garin Kalaguris na ƙasar Sifen. Tun yana saurayi ya tafi birnin Rum neman ilmi, inda ya lazimci wani shahararren lauya mai suna Domitiyus Afer, yana nazarin yadda yake sarrafa harshe a gaban alƙalai. Daga baya ya koma gida, sa'an nan a shekara ta 68 ya komo Rum tare da Galba, wanda ya hau gadon sarauta a shekarar.

A zamanin Sarki Besfasiyan aka ba shi kujerar koyar da balaga, hukuma tana biyansa albashi daga baitulmali. Ya yi shekara 20 yana koyarwa, kuma bai daina tsayawa a kotu ba. Cikin almajiransa har da Filini Ƙarami, wanda wasiƙunsa suka shahara.

Abin da ya fi damunsa shi ne yadda makarantu ke horar da samari a kan ƙagaggun shari'o'i marasa kama da gaskiya, har idan sun shiga kotu sai su daburce. Don haka ya koya musu kasa jawabi kashi biyar, watau shimfiɗa, da bayanin abin da ya auku, da kafa hujja, da rushe hujjar abokin hamayya, da rufewa. Ya hore su da su saurari mai ƙara da haƙuri, su sa ya maimaita labarinsa, su tsananta masa tambaya kamar abokan gaba, domin su gano raunin maganar tun kafin a shiga kotu. Haka kuma su fahimci halin shaida, ko matsoraci ne ko mai saurin fushi, kafin su yi masa tambaya. Ya kuma ƙi dukan ɗalibai.

Bayan ya yi ritaya ya rubuta littafinsa Institutio Oratoria mai juzu'i 12, wajen shekara ta 95. Matarsa da ƙaramin ɗansa sun riga sun rasu, babban kuma ya bi su ana cikin aikin. Jigon littafin shi ne, ba a kiran mutum gwanin magana sai ya kasance mutumin kirki. Duk da haka ya yi wa Sarki Domitiyan, wanda ya ba shi tarbiyyar magadansa, yabon da ya wuce kima, abin da masana suke ƙirga masa a matsayin aibi.

Ya rasu wajen shekara ta 100. Cikakken littafin ya ɓace wa malaman Turai ƙarnoni da dama, sai a 1416 Fojjiyo Baracciyolini ya gano shi a gidan ibada na San Galan, a ƙasar Suwizalan ta yau. Daga nan ya sake zama abin karatu a makarantu.