Lumane Casimir, Zabiyar Ƙasar Haiti

'Yan'uwa mata, yau ga labarin wata zabiya ta Haiti, ƙasar baƙar fata da ke yankin Karibiyan. Lumane Casimir ta shigo Port-au-Prince, babban birninsu, tana yarinya, ba ta da komai sai jita da murya. Kiɗan jita a titi kuwa sana'ar twoubadou ce, salon da masu yankan rake suka komo da shi daga Kuba, kuma galibinsu maza ne. Ita dai ta kutsa, tana waƙa da Kiriyol, harshen talakawa. A 1949, wajen bikin cikar birnin shekara 200, manyan baƙi suka yi ta tafa mata. To, kun san ƙarshenta? Ko shekara goma ba a yi ba ta rasu cikin talauci.