DOKTA CICELY WILLIAMS (1893–1992): LIKITAR DA TA SAURARI IYAYE MATA

 A bana mun zaɓo muku tarihin wata likita wadda ba 'yar ƙasarmu ba ce, amma ciwon da ta ƙarar da rayuwarta a kansa babu unguwar da ba ta san shi ba daga Jogana zuwa Tsamiya Babba: ciwon tamowa, mai kama yara bayan yaye.

HAIHUWARTA DA KARATUNTA

An haifi Cicely Delphine Williams ranar 2 ga Disamba, 1893, a tsibirin Jamaika. Ta shiga Jami'ar Oxford da ke Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da ƙarancin likitoci maza ya sa aka buɗe wa mata ƙofar karatun likita. Ta kammala a 1923, ta yi aiki a asibitin yara a Landan, sannan a 1929 aka tura ta Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana a yau, wadda kakanninmu fatake suka sani ta hanyar cinikin goro.

ABIN DA TA GANO

A asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Ankara, babban birnin ƙasar, ta riƙa ganin yara 'yan ƙasa da shekara 4 da ƙafafu a kumbure, fata tana saɓulewa, gashi ya yi ja, ga zawo da yawan ƙyuya. Da yawa suna mutuwa. Maimakon ta tsaya ga abin da ke cikin littattafan Turai, sai ta koma ga iyaye mata da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa, tana tambayar me yaron yake ci, yaushe aka yaye shi, da me ake kiran ciwon. Suka ce a harshen Ga sunansa kwashioko, wato ciwon da ke kama yaro idan ƙaninsa ya ture shi daga nono. Mu a nan cewa muke yaro ya sha ciki.

Ta lura cewa abincin waɗannan yara kunun masara ne zalla, kuma idan aka ba su madara da wuri sukan farfaɗo. Ta wallafa bayanin a 1933, ta sake wallafawa a mujallar Lancet a 1935 da sunan da mutanen ƙasar suka ba ciwon. Wasu manyan masana na Ingila suka musa, suna cewa wani tsohon ciwo ne da aka riga aka sani. Lokaci ya gaskata ta, har sunan ya shiga littattafan likitanci na duniya. Kundin da ya ba ta digirin dokta na Oxford a 1936 a kan lafiyar yaran Gwalkwas ta rubuta shi, daga abin da ta gani a ɗakin jinya da cikin gidaje.

GWAGWARMAYARTA

A 1936 aka mayar da ita Malaya. Can ta tarar kamfanoni suna tallar madarar gwangwani ga matalauta a madadin nonon uwa, jarirai suna ta mutuwa. A 1939 ta yi wata lacca mai zafi a Singafo, inda ta kwatanta irin wannan talla da kisan kai. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallar irin wannan madara.

Da Japanawa suka ci Singafo a 1942, suka tsare ta a kurkukun Changi, ta zauna a tsare har 1945, ta fito da raunin jiki. Duk da haka a 1948 ita aka fara naɗawa shugabar sashen lafiyar uwa da yaro na Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba. Ta koyar a Landan da Bairut, ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.

DARASI GARE MU

Allah Ya albarkaci ƙasar Gezawa da gero da dawa da wake da gyaɗa, ga zogale a bakin danga, ga kuka, ga nono a rugage. Amma sau da yawa wake da gyaɗa da ƙwai kasuwa suke tafiya, a bar wa yayayye koko tsararo. Idan damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, ƙyanda ko zawo suka biyo baya, sai yaro ya kwanta. Abin lura kuma, abincin da asibitoci ke ba masu tamowa a ƙunshi da gyaɗa ake yin sa, a haɗa da madara da sukari da mai. Masana sun yi ittifaƙi a kan nonon uwa zalla har wata 6, sannan a ƙara da abinci mai gina jiki ana ci gaba da shayarwa har shekara 2, daidai da abin da addininmu ya kwaɗaitar.

Saboda haka muna kira ga 'ya'yanmu da ke neman manyan digirori a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da sauransu, su ɗauko matsalolin gida su yi bincike a kansu. Su zauna da ungozomomi da kakanni a Babawa da Wangara da Ketawa, su ji ta bakinsu, sannan su dawo da sakamakon cikin harshen da uwa za ta gane. Masu hali a cikinmu su ɗauki nauyin irin waɗannan ɗalibai, kuma mai aika kuɗin cefane gida ya tambayi abin da ake ba ƙaramin yaro.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ɗaukaka Gezawa da mutanenta. Amin.