Cicely Williams: Likitar da ta koyi sunan cutar yara daga bakin uwaye

A shekarar 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta tura wata likita aiki ƙasar Gold Coast, wato Ghana ta yau. Sunanta Cicely Williams. An haife ta a Jamaika ranar 2 ga Disamba, 1893, ta yi karatu a Jami'ar Oxford, ta zama likita a 1923, zamanin da mata likitoci ba su taka kara sun karya ba.

A asibitin yara na Accra ta riƙa ganin wata cuta mai kama ƙananan yara bayan yaye. Ƙafafunsu su kumbura, gashinsu ya yi ja, fatarsu ta riƙa salewa, da yawansu kuma su mutu. Williams ta tsaya ta tambayi uwaye da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa. A wurinsu ta ji cewa cutar tana da suna a harshen Ga, kwashiorkor, ma'ana ciwon da ke kama yaron da aka yi wa ƙani aka ture shi daga nono. Duk wanda ya san illar kwanika a ƙasar Hausa zai gane abin da suke nufi.

Ta lura cewa kunun masara kaɗai ake ba waɗannan yara, kuma wasunsu na farfaɗowa idan aka ba su madara. Ta wallafa bayanin cutar a 1933, sannan a 1935 ta shigar da sunan nan na Ga cikin mujallar likitoci ta Lancet. Wasu manyan likitocin Ingila suka ƙi yarda, suka ce ai pelagra ce, cutar ƙarancin bitamin da aka riga aka sani. Daga baya duniya ta karɓi bayaninta, sunan kuma ya zauna har gobe.

A 1936 aka mayar da ita Malaya. Can ta tarar kamfanonin madarar gwangwani na sa mata kayan ma'aikatan jinya suna bi gida-gida, suna kwaɗaitar da uwaye su bar shayarwa. A 1939 ta yi jawabi a Singafo inda ta danganta wannan talla da kisan jarirai. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallar irin wannan madara.

Da sojojin Japan suka ci Singafo a 1942, sun tsare ta a kurkukun Changi, ba ta sami 'yanci ba sai 1945. Shekara uku bayan haka aka naɗa ta shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya. Aƙidarta ita ce a riƙa duba yaro da auna shi tun yana da lafiya, a bar uwa kusa da ɗanta a asibiti, a kuma ɗauki maganarta da muhimmanci.

Ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98. Cutar da ta bayyana tana nan cikin nau'o'in tamowar da ke kwantar da yara a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda sau da yawa ba a kai yaro gaban ma'aikacin lafiya sai ƙafafunsa sun riga sun kumbura.