Constance Baker Motley: ɗiyar kuku da ta zama alƙalin tarayya a Amurka

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa, yau mun kawo muku tarihin wata mace da kuɗin wani ɗan kasuwa ya kai ta jami'a, ita kuma ta buɗe ƙofar makaranta ga dubban ƴaƴan baƙar fata a ƙasar Amurka. Sunanta Constance Baker Motley.

An haife ta ran 14 ga watan Satumba 1921 a garin New Haven. Iyayenta sun zo ne daga tsibirin Nevis na yankin Karebiyan don neman abin sawa a baki. Ubanta kuku ne, yana dafa wa ɗaliban jami'ar Yale abinci, uwarta kuwa ta yi aikatau. Ita ce ta tara cikin ƴaƴa 12. Da ta ƙare sakandare sai karatu ya tsaya, don babu kuɗi a gida.

Ana nan sai aka yi taro a wani gidan jama'a na unguwarsu, ana tambayar abin da ya hana baƙar fata zuwa wurin. Yarinya ta miƙe ta faɗi gaskiya, cewa ba a ba su ta cewa ba wajen tafiyar da gidan. Cikin masu saurare akwai wani attajiri ɗan kwangila, farar fata, mai suna Clarence Blakeslee, wanda ya zuba kuɗinsa a gidan. Maimakon ya ji haushi, sai ya kira ta, ya ɗauki nauyin karatunta baki ɗaya. Ta samu digirin tattalin arziki a 1943, sannan digirin shari'a na jami'ar Kolombiya a 1946.

A wancan zamani, a jihohin kudancin Amurka doka ce ta raba mutane. Makarantar baƙi daban, ta farare daban, haka gidan abinci, haka kujerar mota. Constance ta shiga aikin lauya tare da Thurgood Marshall a reshen shari'a na ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata. Tana cikin lauyoyin da suka shirya ƙarar nan ta Brown, wadda a 1954 Kotun Ƙoli ta yanke cewa raba makarantu ya saɓa wa tsarin mulki.

Amma hukunci a takarda daban, aiki da shi daban. Ta yi shekaru tana bin kotunan kudu ɗaya bayan ɗaya, a garuruwan da otel ba ya karɓar baƙar fata, sai ta kwana gidajen mutane cikin fargaba. A 1962 ta yi nasara a ƙarar James Meredith, baƙar fata na farko da ya shiga jami'ar Misisipi. Sai da aka kai sojoji, mutum 2 suka mutu a tarzoma. A 1963 ta sa aka mayar da yara fiye da 1000 makaranta a garin Birmingham, bayan an kore su don sun yi zanga-zanga. Ƙara 10 ta tsaya a gaban Kotun Ƙoli, ta ci 9.

A 1966 shugaba Lyndon Johnson ya zaɓe ta alƙalin kotun tarayya a Niyok. A can, shugaban ƙasa ke ba da suna, majalisar dattawa ta amince, kujerar kuma ba ta da wa'adi. Wani sanata na Misisipi, James Eastland, ya riƙe maganar wata da watanni, amma a ƙarshe ta wuce. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta hau wannan kujera.

A 1975 wata lauya ta kai ƙarar wani babban ofishin lauyoyi bisa nuna wa mata bambanci. Lauyoyin ofishin suka nemi Constance ta janye, wai tunda mace ce za ta yi son kai. Ta ƙi, ta nuna musu cewa kowane alƙali namiji ne ko mace, don haka in aka bi hujjarsu ba wanda zai yi shari'ar. A 1978 ta yanke cewa ƴar jarida mace na da damar shiga ɗakin ƴan wasa don neman labari kamar takwaranta namiji. Ta shugabanci kotun daga 1982 zuwa 1986, ta rasu ran 28 ga watan Satumba 2005 tana da shekara 84.

To jama'a, da attajirin nan ya riƙe hannunsa, da wataƙila ba wanda zai ji sunanta. Duk wanda ya ga yarinya mai basira tana talla a bakin rumfarsa saboda rashin kuɗin makaranta, ya tuna da wannan labari.