Labarin Likita Barau Dikko

A cikin shekara ta 1912 aka haifi Barau Dikko a ƙasar Zazzau. A zamanin nan babu ko mutum ɗaya daga cikin 'yan Arewa wanda ya koyi aikin likita irin na asibiti. Mai ciwo sai ya nemi wanzami ko mai saiwa, kaɗan ne ƙwarai su ke kaiwa ga likitan Turawa. Yaron ya tashi a hannun Likita Mila na Mishan C.M.S., wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, yana warkarwa, yana kuma koya wa yara karatu. Daga nan aka aike shi makarantar King's College a Ikko, bayan wannan ya ƙetare teku zuwa jami'ar Bamingam a Ingila.

Ya kai mai karatu, kada ka yi tsammani karatun likita abin kwana biyu ne. Sai mutum ya san kowane ƙashi da kowace jijiya, ya shekara yana bin manya a ɗakin majinyata yana kallo, kafin a yarda ya taɓa mai rai da wuƙa. Dikko ya daure da wannan duka cikin sanyin baƙuwar ƙasa, ya komo gida, shi ne likita na fari a Arewa. Ya shiga aikin Gwamnati a 1940, daga ƙaramin matsayi kuwa ya fara.

Sa'ad da masu ilimi na Arewa suka taru a Kaduna cikin 1949 domin su kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi suka zaɓa shugaba, ko da ya ke shi Kirista ne, yawancinsu kuwa Musulmi. Ba ƙaramar shaida ba ce wannan a kan halin mutum. Amma a 1951 ƙungiyar ta zama jam'iyyar siyasa, doka kuwa ba ta yarda ma'aikacin Gwamnati ya riƙe ta ba. Hanya ta rabu biyu a gabansa. Ya sauka daga shugabanci, ya riƙe aikin asibiti, waɗansu suka ɗauki jam'iyyar har suka yi mulkin ƙasa da ita.

A 1957 ya zama babban likita a sashen da ke yaƙi da cututtukan da suka zaune wa ƙasa, irin su kuturta da ciwon barci. Aikin nan dabam ne, gama a nan likita ba ya zama yana jiran mai ciwo. Ciwon barci ƙudan tsando ne ke kawo shi daga bakin rafi, mutum kuwa ya kan daɗe da shi bai sani ba. Saboda haka sai ma'aikata su bi ƙauyuka, su tara jama'a, su lalubi wuyan kowa. Wanda aka ji masa kaluluwa a ɗebi ruwanta a duba ƙarƙashin madubin likita, a rubuta sunansa, a yi masa allura, a komo baɗi a sāke dubawa. Kuturu kuma a zamanin nan shekaru ya kan yi yana haɗiyar ƙwaya kafin ya warke. Mai irin wannan aiki ba safai a ke gode masa ba, domin wanda aka tsare daga cuta bai san an tsare shi ba.

Daga baya ya zama babban sakatare na Ma'aikatar Lafiya ta Arewa. A 1967 Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma ya tashi a Wusasa, ya kira shi Ikko ya riƙe ma'aikatar ma'adinai da lantarki. Ya rasu a 1977. Asibitin da ke Hanyar Lafiya a Kaduna, arewa da kogi, an sa masa sunansa, a can ne kuma ɗaliban likita na Jami'ar Jihar Kaduna su ke koyon aikin.